Yadda muke bin ƙarfin dattijo da wayar hannu tun rauni bai kwantar da shi ba

Raunin tsufa ba ya yin sallama kafin ya shigo gida. Dattijon da bara yake zuwa masallaci sau biyar da ƙafarsa, bana sai Azahar da La'asar, Asuba da Isha'i kuma a ɗaki. Hajiyar da ke miƙewa daga tabarma ba ta dafa komai ba, yanzu sai ta lalubi bango ko kafaɗar jika. Buta cike ta fara nauyi, zobe ya fara zamewa daga yatsa, tuwon dare ana dawo da rabinsa. Mutanen gida su ce ai tsufa ne. Tsufan ne, amma ba shi kaɗai ba, tunda ga sa'anninsu can suna zuwa gona. Abin da ya ragu shi ne ajiyar ƙarfin jiki, kamar gidan da rumbunsa ya yi ƙasa: ana ci ana sha yau da gobe, amma fari ɗaya ya isa ya durƙusar da shi. Shi ya sa zazzaɓin kwana uku ke kwantar da wani dattijo wata biyu, wani kuma ya miƙe cikin mako.

Likitocin tsofaffi suna da ma'aunin wannan hali. A 2001 Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka fitar da alamomi biyar: ramewar da ba a nema ba, kamar kilo 4.5 a shekara. Gajiyar da ke sa komai ƙanƙantarsa ya zama aiki. Raunin damƙar hannu. Tafiyar da ta yi sanyi. Da ƙarancin motsi. Mai uku ko fiye ya riga ya shiga raunin. Mai ɗaya ko biyu yana bakin ƙofa, kuma da irinsa muka fi yin aiki, domin a wannan matakin motsa jiki da abinci suna iya dawo da mutum, a tsakar gidansa, da kuɗi kaɗan.

Tsarin da muke bi na Hukumar Lafiya ta Duniya ne, ana kiransa ICOPE. Ƙa'idojinsa sun fito a 2017, littafin aikinsa da manhajar waya ta ma'aikatan lafiya suka biyo baya a 2019. Abu shida yake dubawa: motsi, cin abinci, gani, ji, ƙwaƙwalwa, da walwalar rai. A birnin Tulus na Faransa, tun 2020 suka yi wa tsarin tasu manhajar, ICOPE Monitor, wadda mai shekara 60 zuwa sama ke gwada kansa da ita lokaci zuwa lokaci, sakamakon ya tafi wurin ma'aikatan jinya, in sun ga matsala su bugo masa waya. Wannan kiran shi ne ran abin. Manhajar da ta nuna matsala ba wanda ya gani ba ta ƙara wa kowa ƙarfi. Don haka tambayarmu ta farko a kowane gida ita ce wa zai riƙa yin awon, wa zai karanta shi, kuma wane asibiti za a nufa idan ya fito ba daidai ba. Maganar irin wayar da ake da ita daga baya take zuwa.

Akasarin dattawan da muke dubawa ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa, kuma ba ma ƙoƙarin raba su da ita. Rubutun babbar waya ya yi musu ƙanana, busasshen yatsa kuma sau da yawa gilashin ba ya jin taɓawarsa, sai mutum ya danna sau uku ya ce wayar ta raina shi. Abin da muke nema shi ne mai riƙo, wato wanda yake kwana a gidan. Ɗan da ke aiki a wani gari ya sayo wayar, Allah Ya saka masa, amma ba shi zai tsaya kusa da kujera ba. Ɗalibin da zai koma makarantar kwana bayan hutu shi ma bai dace ba, domin ranar da ya tafi aikin ya tafi da shi. Mutum biyu muke koya wa, kuma ga mace muna son ɗaya daga cikinsu mace ce, saboda awon ƙafa. Shi kansa dattijon da shi ake magana kai tsaye, a nemi izininsa, a faɗa masa abin da za a rubuta da wanda zai gani. Wanda aka yi maganarsa a kansa kamar ba ya wurin, zai yi gwajin ran farko don kunya, ran biyu ya ce ƙafarsa na ciwo.

Kayan aikin ba su da yawa: babbar waya ɗaya, kujera, tef ɗin tela, sikelin da ake takawa, na'urar awon hawan jini ta dantse, abin sauraro na sawa a kunne, gawayi ko alli, da littafi mai layi. Akwai kayan da muke cewa a goge ko a ajiye. Manhajar da ke cewa a ɗora yatsa a kan kyamara ta faɗi hawan jini ba abin dogaro ba ce. A 2016 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun gwada wata irinta, suka tarar kusan huɗu cikin biyar na waɗanda jininsu ya hau ta ce musu lafiya lau. Haka agogon hannu ko zoben da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansu a Fabrairun 2024. Mai ciwon suga ya ci gaba da huda yatsa.

Da hantsi muke awo, bayan karin kumallo, ba ranar da ake zazzaɓi ba, ba kuma da azumi a baki ba.

Gwajin kujera shi muka fi dogara da shi, kuma shi aka fi ɓatawa. Kujerar ta zama mai ƙwari, tsayin mazauninta santimita 43 zuwa 45, a jingina bayanta da bango. Farar kujerar roba ta biki ba ma sonta, ƙafafunta na buɗewa in mutum ya faɗa mata da nauyi. Kushin ɗin falo ya yi ƙasa ya yi laushi, ko saurayi sai ya yi nishi kafin ya fito daga cikinsa. Dattijo ya zauna, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ya harɗe hannuwansa a ƙirji. A fara da miƙewa sau ɗaya. Wanda ya kasa wannan ba tare da dafawa ba, a tsaya nan, a rubuta haka. Wanda ya iya sai mu ce, "Baba, ku miƙe tsaye sosai ku koma ku zauna, har sau biyar, da iya saurin da ba zai cutar da ku ba." Ana danna agogon waya lokacin da aka ce a fara, a tsayar da shi idan ya miƙe na biyar. Iyakar da ICOPE ta sa sakan 14 ce. Kurakuran da muke yawan gani uku ne. Dattijo ya riƙa miƙewa rabi gwiwa a lanƙwashe, sai lokacin ya fito da kyau na ƙarya. Jika ya riƙe masa gwiwar hannu don tausayi, sai a auna ƙarfin mutum biyu. Mai auna kuma idonsa na kan waya, ba ya ganin lokacin da jiri ya ɗebi Baba. Shi ya sa ɗaya ke riƙe agogo, ɗaya na tsaye a gefe, hannu a shirye amma bai taɓa ba.

Sai tafiya. A auna mita 4 a shimfiɗaɗɗen wuri ba rami ba tudu, a ja layi biyu da gawayi. Mutum ya tsaya yatsun ƙafarsa a layin farko, ya yi tafiyarsa ta kullum ya wuce layi na biyu, kada ya tsaya a kansa, don mai shirin tsayawa yana rage sauri tun kafin ya isa. A yi sau biyu, a ɗauki wanda ya fi sauri. Wanda ya haura sakan 5 yana tafiya ƙasa da mita 0.8 a sakan, kuma wannan ita ce iyakar da likitocin tsofaffi ke ɗauka alamar rauni. Dattawa maza sukan ƙara wuta in sun ga baƙi, don haka mukan ce, "Alhaji, irin tafiyar da kuke yi zuwa masallaci in ba a ta da iƙama ba." Mai sanda ya riƙe sandarsa, a rubuta da sanda ya yi. Takalmin da aka yi awon farko da shi, da shi za a riƙa yi. A nan kyamarar waya tana da amfani: idan aka ɗauki bidiyon tafiyar daga gefe, ana iya sake ƙirga sakan ɗin a natse, kuma ma'aikacin lafiya zai ga ko ƙafa ɗaya na ja, ko taku ya gajarce. Bidiyon wurin ma'aikacin lafiyar kaɗai zai je. Rukunin WhatsApp na dangi ba wurinsa ba ne, ballantana na mace mai lulluɓi.

Don daidaiton tsayuwa, mutum ya tsaya kusa da bango, ƙafafu a haɗe sakan 10, sannan ƙafa ɗaya ta ɗan gota ɗaya sakan 10, sannan dunduniyar ɗaya a gaban yatsun ɗaya sakan 10. Wanda ya kasa na ƙarshen yana cikin haɗarin faɗuwa, kuma sai mu tambaya ko ya faɗi a shekarar nan. Tambayar na buƙatar dabara, domin da yawa ba sa ƙirga "santsi ya ɗebe ni a banɗaki" a cikin faɗuwa.

Hawan jini sau biyu muke aunawa ta hanya biyu. Na farko a zaune, bayan hutun minti 5, baya a jingine, dantse daidai da ƙirji, ba hira, a yi awo biyu minti ɗaya tsakani. A gida, matsakaicin da ya kai 135 bisa 85 a kwanaki da dama abin kai wa likita ne. Na biyun shi ake mantawa: mutum ya kwanta minti 5 a auna, ya miƙe tsaye a auna bayan minti 1 da bayan minti 3. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko ta ƙasa da 10, ga dalilin jirin da ke ɗibarsa in ya tashi alwalar Asuba, kuma sau da yawa daga maganin da yake sha ne ko ƙarancin ruwa. Siririn dantse cikin babban maɗauri yana ba da lamba ƙasa da gaskiya, a duba girman da aka rubuta a jikin maɗaurin.

Sikeli a kan siminti ake ajiye shi, ba kan kafet ko tabarma ba, da safe, da kaya marasa nauyi, sikeli ɗaya kullum. Tambayoyin ICOPE biyu ne a nan: ko ya rage fiye da kilo 3 a wata uku ba da niyya ba, da ko sha'awar abinci ta ragu. Muna ƙarawa da awon sha-raɓa: a zaune, gwiwa a lanƙwashe, a zagaya tef a inda ta fi kauri ba tare da matsawa ba. Ƙasa da santimita 31 na nuna tsoka ta zube. Idan ƙafa ta kumbura, awon nan ba shi da amfani, sikelin ma yana ruɗi, domin ruwa ke cike gurbin naman da ya tafi. Mai ciwon zuciya da ya ƙara kilo 2 cikin kwana uku ba ƙiba ya yi ba, asibiti yake buƙata.

Sauran huɗun, wato ƙwaƙwalwa, gani, ji da walwala, sun fi sauri. A faɗi kalma uku, misali fure, ƙofa, shinkafa, a tambayi kwanan wata da inda ake, sannan a ce ya maimaita kalmomin. Manhajar kwanan watan boko take jira, amma Inna da ta ce yau Talata, goma ga watan Rajab, ta ci, kada a rubuta mata mantuwa. Don gani akwai WHOeyes, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023. Harafin E ne ke juyawa, mutum ya nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta, ba sai ya iya karatu ba. A kiyaye tazarar da manhajar ta faɗa da tef, a ƙure hasken gilashin, a yi a inuwa. Don ji akwai hearWHO ta 2019, mai karanto lambobi uku-uku cikin hayaniya ta abin sauraro, makin da ya gaza 50 na nuna a je a duba kunne. Wadda muke amfani da ita da Turanci take kiran lambobin, saboda haka wanda bai saba da su ba zai faɗi ko da kunnensa garau ne. Ga irinsa raɗa muke yi: a tsaya bayansa tazarar hannu, ya toshe kunne ɗaya, mai gwaji ya fitar da numfashi sannan ya raɗa kalma huɗu, a sauya kunne. Dauɗar kunne kaɗai takan jawo faɗuwa a gwajin, kuma cire ta aikin asibiti ne, ba na tsinken ashana ba. Maganar walwala kuwa, a keɓe ake yinta: a makonni biyun nan ko ransa na yawan ɓaci ko ya yanke ƙauna, ko abubuwan da yake so da sun fita ransa. Amsar farko "Alhamdulillahi" ce, kuma gaskiya ce, sai a ɗan jira abin da zai biyo bayanta.

Duk wannan layi ɗaya ne a rubuce: kwanan wata, sakan na kujera, sakan na tafiya, tsayuwa, jini, kilo, sha-raɓa. A rubuta a littafi, a ɗauki hotonsa a tura. Littafin ne asali, domin waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, ana sayar da ita. Muna maimaita awon duk wata shida, nauyi kuma duk wata. Abin da muka fi kallo shi ne mutum da kansa na baya. A ce dattijo ya yi kujera a sakan 10, bayan wata shida ya yi a 13. Manhaja za ta ce ya ci, tunda bai kai 14 ba, alhali ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na saurinsa. Ko tafiyar mita 4 ta tashi daga sakan 4 zuwa 4.5: ya rage fiye da mita 0.1 a sakan, wanda masu bincike ke ɗauka canji mai ma'ana. Waya ba ta san wannan ba sai an jera mata lambobin, mai karantawa ne zai gani ya nemi dalili.

Bayan awo sai aikin kansa, kuma mafi girmansa ƙarfafa tsoka ne. A nan muke cin karo da tarbiyyarmu. Girmama babba ya sa muna karɓe masa buta, muna hana shi shara, muna cewa "Inna, ku zauna ku huta," tsoka kuwa da ba ta aiki zubewa take yi. Wani bincike na 2007 a Amurka ya nuna dattawa masu lafiya da aka kwantar kwana 10 sun rasa kusan kilo ɗaya na naman ƙafa. Kishiyar haka ma an gani: a 1990 Maria Fiatarone ta sa mutum 10 masu shekara 86 zuwa 96 ɗaga nauyi da ƙafa na mako 8 a wani gidan kula da tsofaffi a Boston, ƙarfin cinyarsu ya ninka fiye da sau biyu. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga mai 65 zuwa sama ita ce minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, da atisayen da ya haɗa da daidaiton tsayuwa kwana uku. Akwai tsarin Vivifrail da aka haɗa a Sifaniya, mai manhajarsa, wanda ke raba mutane gwargwadon ƙarfinsu ya ba kowa jadawalin mako 12. Daga irinsa muke ɗauko namu, mu rage shi zuwa abin da tsakar gida zai ɗauka.

Kwana uku a mako, da ranar hutu tsakani. Tashi da zama a kujera sau 8, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake. Sauka a hankali, domin a saukar ake samun rabin amfanin. Dafa bango a ɗaga dunduniya sau 10. Ɗaga ƙafa gefe sau 8 kowace. Ɗaga gorar ruwa daga cinya zuwa kafaɗa, sannan sama: ta santilita 50 rabin kilo ce, ta lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi. Matse tsumma ko ƙwallon roba. Sai tsayuwar dunduniya gaban yatsu kusa da bango. Idan mutum ya kai sau 12 ba wahala a zama biyu a jere, a ƙara zagaye na uku ko a ƙara nauyi, misali ya rungume gora yana tashi. Nan ne gidaje da yawa ke tsayawa: wata uku ana ɗaga rabin kilo ɗin nan, a ce abin ba ya aiki. Tsoka ba ta ƙaruwa da abin da ta riga ta saba. Ɗan tsamin cinya na kwana ɗaya ko biyu a farko ba matsala ba ne, a gaya wa dattijo tun kafin ya ji shi. Ciwon ƙirji, haki mai tsanani, jiri, ko ciwo mai suka a gaɓa, a tsaya. Ranar da jini ya kai 180 bisa 110 ba atisaye.

Bidiyon baturiya da wandon motsa jiki ba ya sa Hajiya ta tashi. Muna ɗaukar gajeren bidiyo da Hausa, ƙasa da minti ɗaya kowane motsi, da kayan gida, a sauke shi cikin waya don kada rashin data ya zama uzuri. Tunatarwa kuma da sallah muke ɗaure ta, bayan La'asar misali, ba da ƙarfe kaza ba. Ƙararrawar waya tana aiki na ɗan lokaci sannan kunne ya saba a riƙa kashe ta, saƙon murya daga wanda aka sani ya fi daɗewa, kiran waya sau ɗaya a mako ya fi su duka. Idan ana son abin ya ɗore, a haɗa dattijo da sa'ansa su riƙa yi tare.

Ƙidayar taku ita ce abin da mutane suka fi so, ita kuma ta fi yin ƙarya. Waya na rage ƙirga takun mai jan ƙafa da mai tafiya a hankali, wato ainihin mutanen da muke bi. A aljihun ƙirji na babbar riga tana lilo, a cikin jaka ba ta jin komai daidai, a Adaidaita Sahu kan hanya mai gargada tana ƙirga takun da ba a yi ba. Tsarin tattalin batir na wayoyin Android da yawa yana kashe manhajar in an rufe gilashi, sai a shiga saiti a cire ta daga ciki. Gwajinmu shi ne a sa wayar a aljihun wando ko ƙaramar jakar ƙugu, mutum ya yi taku 100 ana ƙirgawa da baki. In wayar ta kauce da fiye da 10, mu bar taku mu koma ƙirga minti. Taku 10,000 da ake yayatawa daga tallan wata na'ura ya samo asali a Japan a shekarun 1960. Wani babban nazari na 2022 ya nuna ga masu 60 zuwa sama amfanin yana daidaita ne tsakanin 6,000 da 8,000. Mu daga inda mutum yake muke farawa: a ƙirga mako ɗaya ba a canza komai ba, sannan a ƙara kamar 500 a rana duk mako biyu. Da bazara, bayan Asuba ko gab da Magariba, a kuma miƙa ruwa ba sai an nema ba, don jin ƙishirwa na raguwa da shekaru.

Atisaye ba abinci ramewa yake ƙarawa. Masana abincin tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin jiki a rana, wato mai kilo 60 na buƙatar giram 60 zuwa 72, a raba a ci uku. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin dafaffen wake wajen 13, kofin nono wajen 8, cikin tafin hannu na gyaɗa wajen 7, dafaffen kifi ko nama giram 100 kuma 20 zuwa 25. Koko da safe, tuwo da rana, tuwo da dare ba sa kai wa nan. Manhajojin ƙidayar abinci ba su san tuwon dawa da miyar kuka ba, don haka kyamara muke sa wa aiki: hoton kwano kafin ci da bayan ci, kwana uku a jere. A hoto na biyu ake ganin naman da aka ture gefe saboda haƙori, ko wanda aka miƙa wa jika. Maganin wannan a madafa yake: alale, ƙosai, awara, kunun gyaɗa, fura da nono mai yawa, garin ƙuli-ƙuli ko dakakken busasshen kifi a miya. Mai ciwon ƙoda kada a ƙara masa furotin sai da izinin likitansa.

Hoto na gaba na magunguna ne, duka a tire ɗaya: na asibiti, na kemis, na gargajiya, da wanda maƙwabciya ta ba da. Mai shan iri biyar ko fiye ya kamata likita ko mai haɗa magunguna ya sake duba su tare. Waɗanda muke sa wa ido su ne maganin barci irin diazepam da maganin mura mai sa gyangyaɗi, don suna kawo faɗuwa. Glibenclamide, maganin ciwon suga, mai iya faɗar da suga ga wanda ya rage ci. Maganin sa fitsari da ake sha da yamma, mai tayar da mutum cikin duhu. Da diclofenac ko ibuprofen na kullum saboda gwiwa, masu taɓa ƙoda da ciki. Kada a daina ko ɗaya da ka. Mai niyyar azumi ya kai wannan hoton wurin likita tun Sha'aban. Sannan a zagaya gidan da kyamara daga gado zuwa banɗaki da dare: dokin ƙofa, gefen tabarma da ya naɗe, gamsakukan wurin alwala, silifas da ya cinye, masan tsuguno da ba abin kamawa. Fitila mai caji kusa da gado da ƙarfen dafawa a bangon banɗaki sun fi kowace manhaja rage karayar ƙugu.

Bayan kowace jinya, ko maleriya ce ta kwana huɗu, ba ma jiran wata shida. Da zarar mutum ya warware muke sake kujera da tafiya da sikeli, a koma atisaye da rabin abin da yake yi da. Akwai kuma lokutan da ake ajiye waya a nemi mota: rikicewar tunani da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu, karkacewar baki, mutuwar hannu ko harɗewar magana, faɗuwar da aka bugu a kai ko aka kasa taka ƙafa, ƙin ci da sha kwana biyu. Ramewa tare da tarin da ya kai mako biyu gwajin tarin fuka take buƙata, ba ƙarin ƙwai ba. In za a tafi, a ɗauki littafin awon da ledar magungunan gaba ɗaya, mai riƙon ya shiga wurin likita tare da dattijon, ya fara da nuna layin farko da na ƙarshe.